Yadda za ka ci moriyar ƙungiyar manoman lambu, tun daga rajista har lodin mota

'Yan'uwa manoman rani, musamman masu tumatir da albasa da tattasai da attaruhu, da yawa daga cikinmu muna da katin ƙungiya a aljihu amma ba ma tunawa da shi sai an ce gwamnati za ta raba taki. Idan takin bai zo ba sai a ce ƙungiyar ba ta da amfani, ciyaman ya cinye, shikenan an watse sai wata shekara. Gaskiya ni a ganina tallafi shi ne mafi ƙarancin abin da ƙungiya ke iya yi maka. Babban amfaninta shi ne labari ya iso ka da wuri kuma ya zama na gaskiya, a haɗa kuɗi a sayi kaya tare, sannan kada kowa ya kwaso tumatir ɗinsa ya zube a kasuwa rana ɗaya. Toh ga yadda ake yi, mataki bayan mataki.

Mataki na 1: ka san wace ƙungiya kake ciki, kuma ka tabbata sunanka na cikin littafi

Akwai manyan ƙungiyoyi na ƙasa, kamar TOGAN ta manoman tumatir, da NOPPMAN ta masu noma da sarrafawa da fataucin albasa, sai kuma AFAN da ta tattaro manoma gaba ɗaya. A Nijar masu albasa suna da ANFO. Amma fa aikin yau da gobe ba a hedikwata ake yin sa ba, a reshen ƙauyenku ko ƙaramar hukumarku ake yi, don haka can za ka fara. Ka je wajen sakatare, ka ce a nuna maka takardar rajistar ƙungiyar, ko ta sashen ƙungiyoyin gama-kai na jiha ko ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinka ne. In sabuwar ƙungiyar gama-kai kuke son kafawa, mutum goma su ne mafi ƙarancin adadin da ake nema a Najeriya, sai kundin dokokinku da sunayen shugabanni da rahoton zaman farko.

Abin da za a rubuta maka a littafi: cikakken suna daidai da yadda yake a NIN da BVN ɗinka, lambar waya wadda kai ke riƙe da ita ba ta ɗanka da ke makaranta a birni ba, wurin da gonar take, girmanta, da abin da kake nomawa. Maganar suna ka kula da ita sosai, don mutane da yawa sun rasa bashi ko kayan noma saboda a banki Muhammadu ne, a NIN Muhammad, a littafin ƙungiya kuma Mamman. Girman gona ma kada ka yi ƙiyasi da ido. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo mita 100 faɗi, kusan eka biyu da rabi ke nan, kuma yanzu duk yaron da ke da babbar waya zai iya zagaya gonar ya auna maka. Duk lissafin iri da taki da magani a kan wannan awon yake tafiya, in ka ƙara wa gonarka girma don a ba ka kaya da yawa, ranar biyan bashi ma da wannan girman za a yi maka lissafi.

Kuɗin rajista ko na wata, ka biya ka karɓi rasit, ka ɗauki hotonsa a waya.

Mataki na 2: a gyara hanyar labari

Kusan kowace ƙungiya yanzu tana da guruf a WhatsApp, kuma kusan kowane guruf ya lalace da gaisuwar Juma'a da bidiyon siyasa da tallan fili, har sanarwa mai muhimmanci ta nutse ba wanda ya gani. Maganin mai sauƙi ne, a yi guda biyu. Ɗaya na sanarwa kaɗai wanda admin ne kawai ke iya turawa, ɗaya kuma na hira da tambaya, kowa ya yi abin da ya ga dama. A na sanarwar a riƙa tura murya tare da rubutu, don dattawanmu da yawa ba boko suka yi ba, kuma kada muryar ta wuce minti biyu, dan Allah. Waɗanda ke da ƙaramar waya a raba su ga matasa, kowane matashi ya ɗauki mutum biyar ko shida da zai riƙa kira ko ya same su a masallaci bayan magariba ya faɗa musu.

Sai kuma a naɗa mutum ɗaya mai kula da labarai, ba dole sai ciyaman ba, ma fi kyau kada ya zama shi. Aikinsa ya riƙa bin inda labarin gaskiya ke fitowa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi na shekara a farkon kowace shekara, wajen Janairu zuwa Fabrairu, wanda ke nuna lokacin faɗuwar damina da ɗaukewarta da zafin da ake sa rai. Cibiyar NIHORT mai binciken kayan lambu hedikwatarta na Ibadan amma tana da reshe a Bagauda nan Kano da kuma Dadin Kowa a Gombe. A Zariya akwai NAERLS mai yaɗa dabarun noma da cibiyar binciken noma ta IAR Samaru a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Kowace jiha tana da hukumar malaman gona, a Kano KNARDA ce. Masu noma a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ruwanku daga dam ɗin Tiga yake zuwa, hukumar kogunan Hadejia da Jama'are ke kula da shi, don haka labarin ranar sakin ruwa da ranar rufe kanal don gyara ya fi muku kowane labari tsada, a same shi daga ofishinsu ko daga shugabannin masu amfani da ruwa kafin ka zuba iri, ba bayan ka yi dashe ba. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma suna da RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasar, da ke fitar da bayanan noma har da na murya da Hausa.

Mataki na 3: kada ka tura komai sai ka tantance

Nan ne ake cutar mutane. Za ka ga saƙo wai an buɗe shafin tallafin manoma, ka danna nan ka cike fam, ka biya kuɗin rajista kaɗan, ko a ce ka turo lambar da banki ya aiko maka. Duk wanda ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da ta shigo wayarka ɓarawo ne, ko da sunan wace hukuma ya zo. Ka yi wa kowane saƙo tambaya uku: wa ya fitar da shi, yaushe, kuma akwai ofishin da zan iya takawa da ƙafata in tambaya? Sau tari tsohon labari ne na shekara biyu baya ake sake yaɗawa. In mai kula da labarai bai tabbatar ba, kada ya shiga guruf ɗin sanarwa, ko da mai gari ne ya turo.

Mataki na 4: sayen iri da taki da magani tare

Wannan tun watan Agusta zuwa Satumba ya kamata a zauna a kansa, kafin kowa ya ruga kasuwa farashi ya tashi. Sakatare ya zagaya da takarda, kowa ya faɗi abin da yake so da adadinsa, a haɗa jimla, sannan a aika mutum uku, ba mutum ɗaya ba, su je wajen dila biyu ko uku su ji farashin sari. Kuɗin a zuba a akawun ɗin ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku, kada a tura a akawun ɗin wani mutum komai amanarsa, don shi kansa kuna raba shi da zargi ne.

Wajen iri, a duba gwangwani ko leda: sunan kamfani, ranar da aka ɗura, ranar lalacewa, da tambarin hukumar iri ta ƙasa wato NASC. Kafin a raba wa mutane a gwada tsirowa. A ƙirga ƙwaya 100, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma ko takarda, a naɗe a ajiye a inuwa ana ɗan yayyafa ruwa, bayan kwana bakwai zuwa goma a ƙirga waɗanda suka fito. In 80 ko sama suka tsiro alhamdulillahi, in kuwa 50 ne a mayar wa dila kayansa tun da rasit na hannu. Irin albasa ya fi buƙatar wannan gwajin don ba ya jure ajiya, in ya shekara ƙarfinsa ya ragu sosai. A tumatir kuma ku yanke shawara tun farko, masu son tsofaffin iri kamar UC82B da Roma su faɗa, masu son na aure, wato haibrid, kamar Platinum ko Padma su faɗa, amma a tuna wa kowa cewa irin aure ba a cire 'ya'yansa a sake shukawa, abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. Giram ɗaya na irin tumatir yana da ƙwaya wajen 300, saboda haka mai reno a tire ƙwaya ɗaya rami ɗaya ba ya buƙatar iri mai yawa kamar mai watsawa a fangali, tsadar irin auren a nan take raguwa.

Magani kuwa duk kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC da ranar lalacewa a bar ta. Wanda ake tsiyayowa a jarka a zuba maka a robar ruwa ba tare da takarda ba, wallahi ba ka san me ka saya ba.

Mataki na 5: tsarin ƙararrawa a kan tsutsar sharon

A nan zan daɗe kaɗan don shi ne wurin da ƙungiya ke iya ceton shekara guda. Duk wanda ya yi noman tumatir a 2016 bai manta da tsutsar tuta absoluta ba, wadda ake kira sharon, yadda ta share gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin Dangote na Kadawa da aka buɗe a wannan shekarar ya tsaya saboda babu kayan da zai niƙa. Ta sake yin ɓarna sosai a 2023. Asalinta daga Kudancin Amurka take, macen tana iya yin ƙwai sama da 200, kuma idan zafi ya shigo daga ƙwai zuwa sabon malam-buɗe-littafi bai fi wata guda ba. Shi ya sa take tsananta daga Maris zuwa gaba. Kuma ba ta san iyakar gona ba, in kai ka yi feshi maƙwabcinka bai yi ba, aikin banza ka yi.

Ga yadda ƙungiya za ta tsara. Da farko a sayi tarkon ƙamshin mace, wanda ke janyo mazan, a kafa biyu zuwa huɗu a kowace hekta tun ranar dashe, har ma a wajen reno. Roba ce mai faɗi da ruwa da ɗan sabulu ko mai a ciki, ƙwayar ƙamshin a rataye a sama da ruwan, ana canza ta bayan sati huɗu zuwa shida. A kowane yanki na fadama a sa mutum ɗaya ya riƙa ƙirga abin da tarko ya kama sau biyu a sati ya tura a guruf. Na biyu, kowa ya riƙa duba ganye da kansa, musamman na sama masu taushi da ƙarƙashinsu. Alamarta wani fili ne fari-fari a cikin ganyen kamar an kankare cikinsa an bar fatar, in ka ɗaga wa rana za ka ga tsutsar da baƙin kashinta a ciki. Wannan daban yake da siririn layi mai lanƙwasa da ƙudan ganye ke yi, mutane na yawan rikita su.

Idan ka gani, saƙon da za ka tura ya ƙunshi abu biyar: wurin gonar, irin da ka shuka, kwana nawa da dashe, hoton ganyen daga kusa, rana tana bayanka, da maganin da ka fesa na ƙarshe da ranar. Saƙon "jama'a tsutsa ta shigo" kawai ba ya taimakon kowa, tsoro yake sawa.

Na uku shi ne feshi tare kuma da juya magani. Abin da ke sa magani ya daina aiki shi ne a yi ta maimaita guda ɗaya, kuma canza sunan kwalba ba shi ne canza magani ba, kamfani biyar za su iya sayar da sinadari ɗaya da suna biyar. Ka duba ƙaramin rubutun da ke ƙasan sunan, shi ne sunan sinadarin, kuma kowane sinadari yana da rukuninsa gwargwadon yadda yake kashe ƙwaro. Emamectin benzoate rukuni na 6 ne, chlorantraniliprole rukuni na 28, spinosad rukuni na 5, indoxacarb rukuni na 22. Ƙungiya tare da malamin gona ta tsayar cewa wannan watan duk yankin rukuni kaza za a yi, wata mai zuwa a koma wani. A fesa da yamma lis ko da sassafe, a bi awon da ke jikin kwalba ba a ninka ba, a rufe hanci da jiki, kuma a duba kwanakin da aka ce a jira tsakanin feshi da tsinka, don mutane ne za su ci, har da iyalanmu. Wanda ya gama girbi kuma kada ya bar karan tumatir a tsaye ya tafi, a tuge a binne ko a ƙone, in ba haka ba gonarsa ce za ta zama gidan renon tsutsa ga masu na baya. Wannan ya cancanci a sa shi a dokar ƙungiya har da tara.

Mataki na 6: a rarraba lokacin dashe

Kowa ya san yadda take kasancewa. A Fabrairu da Maris kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da ke Kano ta cika ta batse, kwando ya faɗi har wani ya ga kuɗin tsinka da na mota sun fi kuɗin kayan, sai a yanka a shanya kauɗa a bakin titi, sannan daga Mayu zuwa Yuli tumatir ya yi tsadar da mai miya ke kuka. Ba za a iya kawar da wannan gaba ɗaya ba tunda tumatir sanyin hunturu yake so, zafi mai tsanani yana zubar masa da fure. Amma ana iya ragewa. Reno yana ɗaukar sati uku zuwa huɗu, daga dashe zuwa tsinkar farko kuma wata biyu da 'yan kwanaki zuwa wata biyu da rabi gwargwadon iri. Toh a raba mambobi kashi uku ko huɗu da tazarar sati biyu tsakaninsu, daga Oktoba zuwa Disamba. Rigimar da ke tasowa ita ce kowa na son layin dashen da ya fi kuɗi, don haka ko a yi ƙuri'a ana juyawa duk shekara, ko kuma kowa ya raba gonarsa gida biyu ko uku ya shiga kowane layi, ni na fi son wannan na biyun don ba wanda zai ce an zalunce shi. A kuma ƙarfafa wa wasu su sa kabeji ko karas ko kankana ko albasa a wani ɓangaren.

Mataki na 7: farashi da mota

A samu amintaccen mutum a kowace kasuwar da kuke kai kaya, 'Yankaba a Kano, Mile 12 a Legas, ko duk inda kuka saba, ya riƙa turo farashi kowace safiya kafin a fara tsinka. Ya faɗi girman kwandon da yake magana a kai da ingancin kayan da kuma motoci nawa suka kwana ba a sauke ba, wannan na ƙarshen ya fi farashin kansa faɗin gaskiya, don in tirela goma na layi farashin gobe ya riga ya faɗi. Kada mai turo farashin ya zama shi ne dillalin da ke sayen kayanku.

Labarin hanya ma labarin kasuwa ne. A ƙarshen Fabrairun 2021 da 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, tumatir ya taru a arewa ya yi ta ruɓewa. A farkon 2023 ƙarancin takardun naira ya faɗo daidai tsakiyar girbi, wanda ba shi da akawun ya sha wuya. Da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, masu albasar Galmi ta Nijar da masu fataucinta sun ji a jikinsu. Irin wannan labarin in ya iso ka kwana biyu kafin ka tsinka, kana iya jinkirtawa ko ka canza kasuwa ko ka shirya shanya.

Wajen lodi, ƙananan manoma su haɗa mota ɗaya, kowane kwando da alamar mai shi, a rubuta adadi a takarda biyu, ɗaya ta bi direba ɗaya ta zauna wajen sakatare. In ƙungiya na da ɗan ƙarfi ta sayi kiret na roba mai ɗaukar kilo 25 ta riƙa ba mambobi haya, don ana jera shi bisa juna ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba, asarar hanya tana raguwa sosai. Matsalarsa ɗaya ce, dawo da shi fanko, saboda haka a yi yarjejeniyar dawowar da direba tun kafin mota ta tashi. Masu zuwa nesa su tsinka tun yana ɗan ja-ja bai nuna lugub ba.

Masu albasa ku kuma ribarku tana ajiya. A daina ban-ruwa kafin cira, a bari wuyanta ya bushe sosai, a ware mai rauni da mai kauri a wuya a sayar da su tun farko, sauran a jera a rumbu mai shan iska a ɗage daga ƙasa, ana dubawa ana cire ruɓaɓɓu. Mutanen Aliero a jihar Kebbi da na Galmi sun daɗe a kan wannan, in ƙungiyarku sabuwa ce a harkar ku ɗauki nauyin mutum biyu su je su gani da idonsu.

Mataki na 8: bashi, inshora da horo

In an kawo maganar bashi, kafin kowa ya sa hannu a karanta takardar a bainar jama'a a fassara ta da Hausa: nawa ne ruwan ko ribar da ke kai, yaushe za a fara biya, da kuɗi za a biya ko da kaya, kuma in mutum ɗaya ya gaza shin sauran ne za su biya masa. A tambaya ko akwai inshorar NAIC, wato hukumar inshorar noma ta ƙasa, a ciki, me ta rufe, kuma cikin kwana nawa ake kai rahoton asara, don in ka makara ba a saurarenka. Kayan da aka kawo bayan lokacin dashe ya wuce kada a karɓa don kunya.

Horo kuma, kamar gonakin gwaji da shirin HortiNigeria ya yi a Kano da Kaduna, a daina tura mutum ɗaya kullum. A riƙa juyawa, a sa mata masu lambun gida da matasa, kuma sharaɗi shi ne duk wanda ya je zai dawo ya nuna wa sauran a gona, hannu da hannu, cikin sati guda.

Mataki na 9: zaman rufe shekara

Wajen Mayu, bayan an kwashe kaya kafin hidimar damina ta ɗauke hankali, a kira mitin. Ma'aji ya karanto abin da ya shigo da abin da ya fita, da takardar banki a hannu. Kowane mamba ya zo da ɗan littafinsa: irin da ya shuka, ranar dashe, buhun taki nawa, feshi sau nawa, kuɗin fetur na injin ban-ruwa, kwando nawa ya samu, da farashin da ya sayar. Sakatare ya tattara a shafi ɗaya a ga wane iri ne ya jure zafi, wane dila ne kayansa suka yi kyau, wane layin dashe ne ya fi samun kasuwa, da makon da tarko ya fara cika. A ɗauki hoton shafin a tura a guruf ɗin sanarwa, sannan kafin a tashi a tsayar da ranar zaman Agusta da sunayen mutum ukun da za su je jin farashin iri.